Sunan Injin Jarrabawa

A ƙofar ofishin shugaban makaranta, wani uba ya kasa zama, sai juya takardar dakatar da 'yarsa yake. Ya dubi mai gyaran intanet da ke jira a benci.

"Malam, mene ne DNS ɗin da aka ce ta bincika?"

"Kamar littafin lambobin waya ne, Baba. Ka ba shi sunan shafi, ya ba ka lambar injinsa. Ɓarawo ma can yake fara leƙawa."

"Ɓarauniya na haifa ke nan?"

"Ta shiga cikin injin makarantar ne?"

"Ko kusa. Sunan injin sakamakon jarrabawa ta gani a fili, ta zo ta faɗa wa malamai."

Mai gyaran ya miƙe a hankali. "Bari in riga ka shiga. Ni na bar shi a fili."