Ku Cire Sunana Daga Fostar Dainoso

Mai girma shugaban wannan taro, shugabar ɗakin karatu da ma'aikatanta, 'yan kwamitin ɗakin kwamfuta, malaman makaranta, iyaye maza da iyaye mata, da 'ya'yanmu da ke zaune can baya, assalamu alaikum.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama, ina godiya ga waɗanda suka share ɗakin nan suka jera kujeru, ina godiya ga duk wanda ya bar sana'arsa ya zo. Amma ku yi mini uzuri, ban zo da fara'a ba, raina a ɓace yake.

Ga wanda bai san ni ba, shekara talatin da ɗaya na yi ina aiki a gidan zu. Da shebur na fara, ina kwashe kashin giwa, na gama ina shugaban masu kula da keji. Shi ya sa kwamiti ya zo har gidana wata guda da ya wuce. Suka ce: “Baba, kwamfutocinmu takwas tsofaffi ne, cikinsu ba zai ɗauki wasa biyu ba. Ga wasan kula da gidan zu, ga wasan kula da gandun dainoso, ƙattin dabbobin nan da suka ƙare tun kafin ɗan Adam. Ka gwada su, ka faɗa mana wanda za mu sa wa yara ranar Asabar.”

Na karɓa da hannu biyu. Ni da ko saƙon waya sai an rubuta mini, na zauna mako uku ina koyon danna maɓalli har yatsuna suka sage. Uwargidana ta leƙo wata rana ta ce: “Malam, ka yi ritaya daga kwashe kashi, yanzu kuma ka koma kwashewa a kwamfuta?” Na ce mata amana aka ba ni. Na rubuta rahoto shafi shida da hannuna.

Ranar Talata na kawo rahoton. Tun daga bakin ƙofa me zan gani? Fosta, mai girman tabarma, ga dainoso ya wage baki, ga sunana a ƙasa ɓaro-ɓaro: wai an zaɓi wannan wasa bisa shawarata. Rahoton yana cikin aljihuna, ko buɗe shi ba a yi ba! Na tambayi sakataren kwamiti, ya sosa ƙeya ya ce: “Haba Baba, ai yara sun fi son masu haƙora. Mun ɗauka ba za ka damu ba.”

To na damu. Wannan shi ne batu na farko. In kun riga kun yanke hukunci, me ya sa kuka tashi dattijo daga inuwarsa? In sunana kawai kuke so, me ya hana ku roƙa? Kun ɗauki shekara talatin da ɗaya na zufata kun manna a bango da gam, kun sa iyaye sun amince da abin da ban faɗa ba.

Batu na biyu shi ne wasannin kansu, kuma zan yi adalci. Wasan dainoso yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Ran da na ga wani mai dogon wuya ya fito daga cikin bishiyoyi, sai da tsigar jikina ta tashi. Shi kuwa wasan gidan zu yana da gajiyarwa. Ka cika kwamin ruwa, ka sauya ciyawa, ka lura raƙumin dawa ya daina cin abinci, ka kira likita, ka raba birai biyu da ba sa shiri. Haka aikin yake, wallahi haka yake. Wanda ya tsara shi ya taɓa shaƙar warin keji.

Amma na zauna da yara goma sha biyu a ɗakin can, na ba su wasan dainoso, na koma gefe ina kallo. Ba a yi minti ashirin ba suka gano inda daɗin yake. Ka tara baƙi 'yan kallo a gandun, ka kashe wutar shinge, ka buɗe ƙofa. Dabba ta fito tana wawurar mutane, yara suna tafi, suna buga tebur. Wata yarinya ta ja hannun rigata ta ce: “Baba, zo ka gani, ya haɗiye mai gadi!” Ban ga laifinta ba. Abin da wasan ya tanadar mata ke nan.

Jama'a, ni na ga ƙofa a buɗe, ba a kwamfuta ba. Ina da abokin aiki, Dogo muke ce masa. Wata safiya ya shiga wanke kejin zakanya, ita tana ɗakin ciki, tsakaninsu ƙofar ƙarfe. Sakatar ƙofar ba ta shiga ba. Da mesar ruwa na kore ta daga kansa, na jawo shi waje ta ƙafa. Hannunsa na dama, daga gwiwa zuwa ƙasa, bai dawo ba. Da ya farfaɗo a asibiti, abin da ya fara ce mini shi ne: “Ka ba ta ruwa kuwa? Ban gama cika kwamin ba.” Kuma wanda ya tura sakatar nan bai duba ba, ba wani ba ne, ni ne. Shekara goma sha tara ke nan, kullum sai na tuna ƙarar ƙofar. Sannan ni za a ce na zaɓa wa yara wasan da ake buɗe keji ana dariya?

Ban ce a hana yara dainoso har abada ba, ban ce wasa zai mai da ɗan kowa mugu ba. Cewa na yi a karanta rahoton nan yau, a gaban kowa, sannan iyaye su ɗaga hannu. In kuka zaɓi gidan zu, kowace Asabar zan zo in zauna da su. In kuka zaɓi dainoso ma zan zo, in tsaya a bayansu ina cewa a duba sakata. Amma ku ne za ku zaɓa, da bakinku, ba da sunana ba.

Na ga shugabar ɗakin karatu ta miƙe ta nufi bango. Ranki ya daɗe, ki ɓamɓare fostar a hankali, kada fenti ya biyo ta. Madalla. Sakatare, ga rahoton, ka zo ka karɓa, kai za ka karanta mana.

Allah ya huci zukatanmu, tawa a kan gaba. Allah ya raya mana yaran nan, ya sa musu tausayin duk abin da aka ba su riƙo, mai magana da marar magana. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.