Kusar Silo Ta Ƙure

An ce rashin sani ya fi dare duhu. Ni dai a shekaruna na ga sanin da ya fi shi duhu. Ina jiran faci a gareji, wani dattijo ya tsayar da tsohuwar a-kori-kura, ƙafarsa a kan totur. Wani direba ya taso daga benci.

"Baba, ɗaga ƙafar mu ji."

"In na ɗaga, mutuwa take yi. A guje lafiya lau, amma a tsaye injin ba ya riƙe silo."

"An wanke kafireta?"

"Sau uku."

"Fulogi fa? Ko tiyon iska ya tsage?"

"Duk sababbi. Kowane makanike sai ya murɗa kusar silo, ya ce tsohuwar mota ba ta mutuwa, fushi take yi. Yanzu kusar ta ƙure."

Direban ya ɗaga bonet, ya buɗe murfin baƙin mai. Hayaƙi ya bugi tafinsa.

"Baba, fushi ba ya hayaƙi. Injin ne ya cinye, sai an sauke shi."

"Rufe, ɗana, rufe! 'Ya'yana sun ce ranar da aka sauke injin nan, za su kira 'yan gwangwan su saye ta, ni kuma in koma tabarma. Shekara talatin muna tare da ita."

"To me ya kawo ka gareji?"

"Na ce ko a dace da kusa mai ɗan tsawo."

"Babu irinta, Baba."

"Na sani. Nan ne gareji na biyar. Taimaka ka rufe mini bonet ɗin, ba ni da halin sauka."