Ƙwan Ladidi, Cikin Asta

Malam Maccido: Salamu alaikum. Hayatu? Kai ne ko iska?

Hayatu: Wa alaikumus salam, Baba, ni ne. Ina wuni?

Malam Maccido: Lahiya lau. Ya Ikko? Ya aikin asibiti?

Hayatu: Da godiya. Ya Shinkafi? Ya ƙarfin jiki?

Malam Maccido: Ɗaga murya, ɗan nan. Ga ni gindin darbejiyar masallaci, nan kaɗai waya ke kamawa. Ya Khadija da yara?

Hayatu: Duk lafiya. Ya damina?

Malam Maccido: Gero ya yi kai. Innarka Balaraba na gaishe ka.

Hayatu: ...Allah ya jiƙan Inna, Baba.

Malam Maccido: Amin. Haka ne, ta rigaye mu. Kana gani, sai in shiga gida in yi mata sallama. To mi ma na kira in ce?

Hayatu: Ko maganar ƙanwata Asta ce?

Malam Maccido: Asta! Ta zo daga Kaura, tana ɗakin uwarta, ko fura ba ta sha. Ta ce ta je wajenku kun duba ta.

Hayatu: Mun duba. Mahaifarta lafiya lau, za ta iya ɗaukar ciki. Ƙwan haihuwar ne babu, ya ƙare da wuri.

Malam Maccido: Ta ce wani likita abokin aikinka ya ce ana iya ɗauko na wata mace, a haɗa da na mijinta, a sa mata. Ƙanwarta Ladidi kuwa ta aiko daga Zurmi, wai a ɗebi nata ko nawa ne. Yanzu iznina Asta ke jira.

Hayatu: Baba, ku ne malamai. Kun san abin da littafi ya ce.

Malam Maccido: Na sani. Ko alƙalin da aka naɗa jiya zai ce maka nasaba ba ta son cakuɗe. Ba fatawa na kira nema ba. Kai da ke tsaye inda ake yi, mi idonka ke gani? Alo?

Hayatu: Ina ji. Tunani nake.

Malam Maccido: Na ɗauka iska ta tafi da kai.

Hayatu: Mu kanmu likitocin bakinmu bai zo ɗaya ba. Wanda ya yi wa Asta magana mutumin kirki ne, shi a wurinsa kamar ba da jini ne. Kuma na ga abin da yake gani. Na ga matar da ta tsufa tana jira, aka ɗora mata jaririya a ƙirji, ta rungume ta. Ba ni da bakin ce mata ba 'yarta ba ce.

Malam Maccido: Allahu akbar.

Hayatu: Amma masu bayarwar, ta wata ƙofa suke shigowa, a wata rana daban, don kada su haɗu da masu karɓa. Wata ta dawo bayan shekara ta tare ni a baranda. Ta ce ba ta son komai, in dai gaya mata abin da aka haifa, mace ce ko namiji. Ƙa'ida ta hana ni. Har yau in na bi ta barandar nan sai na ji nauyi.

Malam Maccido: Ita Ladidi ai ba baƙuwa ba ce.

Hayatu: Shi ne ya fi ba ni tsoro. Kowace Sallah za ta ga yaro da idanunta, da dariyarta, ta yi shiru. Asta kuma tana kallon ta tana kallon yaron. Shi kuwa a ɓoye masa har ya girma.

Malam Maccido: Ka tuna zabin Balaraba?

Hayatu: Zabi kuma, Baba?

Malam Maccido: Bari in faɗi kafin ya gudu mani. Takan sayo ƙwan zabo ran kasuwa ta sa wa kaza, don zabuwa ba ta da haƙurin kwanci. Kaza ta ƙyanƙyashe, ta yi ta yawo da su tana tona masu. Ran da fiffike ya yi ƙwari, magariba na yi sai su haye tsamiya. Kazar ta tsaya ƙasa tana kira. Balaraba ta ce in zo in gani, na zo na tarar tana share ido da bakin zane.

Hayatu: Ban taɓa sani ba.

Malam Maccido: Lokacin kana makaranta Zariya. Kai take tunani. Ka san mun daɗe ba haihuwa kafin Asta. Ƙanwar Balaraba, Hannatu da ta haife ka, ta goyo ka tun daga Galadi, da rana tsaka, ta sauke ka a cinyar yayarta ta ce ga riƙo. Duk garin an sani.

Hayatu: Ni ma na sani tun ina ƙarami. Ban taɓa rasa wadda zan kira uwa ba, biyu gare ni. Abin da nake so yaron Asta ya samu ke nan, kuma allurata ba ta ba da shi.

Malam Maccido: Amma ka haye tsamiya, Hayatu.

Hayatu: Na haye, Baba. Ko jana'izarta ban riska ba.

Malam Maccido: Ba ta riƙe ka da shi ba. Sunanka ta yi ta kira. To mi zan ce wa wadda ke ɗaki?

Hayatu: Ku ce mata hannuna ba zai yi wannan aikin tsakaninta da Ladidi ba. Motsin ciki take so ta ji, na sani, kuma ba ni da shi in ba ta. Za ta yi fushi da ni.

Malam Maccido: Za ta yi.

Hayatu: Amma tun ran da ta bar nan na yi wa Khadija magana. Ta yi kuka sosai. Shekaranjiya ta ce a bari a yaye Ummi tukuna.

Malam Maccido: Wace Ummi?

Hayatu: Autarmu, mai sunan Inna. In Asta ta yarda, bayan girbi zan kawo mata ita Kaura da kaina. Da rana tsaka, kowa na gani.

Malam Maccido: Kai, ɗan nan. Za ka iya?

Hayatu: Ban sani ba. Inna Hannatu ma ban tambaye ta yadda ta koma Galadi da zanen goyo ba kowa a ciki ba.

Malam Maccido: Ashe Balaraba za ta dawo gida.

Hayatu: Baba, ƙaramar nake nufi.

Malam Maccido: Na sani. Yau dai na sani. Tsaya, kar ka kashe, wayar na ƙara, katin ne. Bari in je bakin zaure in kira ta ta ji da kunnenta. Asta! Asta, fito, ga yayanki zai...