Hular da Kogi Ya Tafi da Ita

Salama gare ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa na zumuntar Hausa a nan Dubai. Tun da fari ku sani, wawan da ke cikin labarin nan ni ne. Ku yi dariyarku yanzu ku gama. Aji uku na yi a makaranta, inda maganar ta karkace ku miƙe ta da kanku.

Bayan ƙauyenmu akwai tsohuwar hanyar fatake, wadda kofaton jakunan goro ya bi har ya ci dutse. Ta gangara kogi a wani mashigi, inda kakana yake ƙetarar da matafiya. Da zai mutu ya bar mini layar ruwa. Na yi baftisma, na zama dattijon ikilisiya, ni nake tsawata wa matasa, amma duk hular da na saya sai na ɗinke layar nan a ciki. Na ce wa zuciyata Yesu ne babba, wannan ta ko-ta-kwana ce kawai.

Daminar bara yanar ido ta rufe mini gani. 'Yarmu Rifkatu, mai aikin jinya a nan, ta ce mu zo a yi mini aiki. Ranar tafiya ambaliya ta cinye gadar mota, jirgi kuwa ba ya jiran tsoho. Sai hanyar fatake.

A bakin ruwa matata Saraya ta ɗaure fasfo cikin leda ta ɗora a ka, ta ce, "Baban Rifkatu, riƙe bakin zanena."

Na ce, "Jikan sarkin ruwa, a mashigin kakansa? Ke dai ki biyo ni."

Na shige gaba ina taƙama, ni da ko tafin hannuna ba na gani sosai. Ruwa ya kai ƙirji, santsi ya kwashe ni, na nutse, na ɗago. Na shafa kai, babu hula.

'Yan'uwa, ƙafata ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ban san inda gaɓa take ba. Shekara arba'in ina addu'a da hula a kusa, ran nan na yi ta da tsiraicin kai. Na ce, "Yesu, na yaudare ka da daɗewa. Yanzu kai kaɗai ka rage mini. Ka kama ni."

Sai na ji hannu ya damƙe wuyan rigata. Na Saraya ne, amma na san wanda ya aiko shi. Taki ɗaya ɗaya, muka fita.

An yi aikin, ga ni ina ganin ku sarai, har da masu gyangyaɗi a baya. Godiya ta tabbata ga Ubangiji! Duk mai ɓoye wani abu cikin hula, kada ya jira kogi. Yesu ya isa.

Makon jiya muna cikin abra, kwalekwalen nan na Deira, na gyara murya na ce, "Saraya, yau zan tona miki asirin da na ɓoye shekara arba'in. Akwai laya cikin hular nan, Ubangiji ne ya raba ni da ita."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Wace laya? Tun ina goyon Rifkatu na farke fatar na juye abin ciki a murhu. Ƙyallen tsohon zanena kake ta yawo da shi a ka."