Jaririn da ba ya kuka

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Daga unguwar Nasarawa, Birnin Kebbi, nake sanar da ɗaukacin Jihar Kebbi cewa ragon sunan da na turke bai samu damar yin ƙiba ba, domin ɗana ya riga lissafina da mako biyar.

Ya zo ɗan mitsitsi, ba ya kuka, sai barci. Malamar asibiti ta ce uwarsa ta riƙa ɗumama shi a jikinta, a riƙa tashinsa ya sha nono, in ya kasa tsotsa a tatsa a ba shi da cokali. Da muka dawo gida na hana a tashe shi, don a duk karatuna ban ga inda ake takura wa yaro mai haƙuri ba. Kwana biyu ya yi laushi, idonsa ya koma ruwan ɗorawa.

Yayata ta iso daga Argungu, ta duba shi ta ce, "Malam sarkin karatu, wannan ba haƙuri ba ne, ƙarfin kukan ne babu. Tashi ka nemo mota."

Muka koma asibiti. Yau yana tsotsa, yana tsala ihu har maƙwabta sun san da zamansa. Masu sauraro, in naku ya zo da wuri, ku riƙa tashinsa. Malama ce ke da gaskiya, ni na yi kuskure.