Na'urar da Ke Gadin Sama

A ɗakin jira na tashar jirgin ƙasa ta Pathankot, wani gari kusa da iyaka, wani tsoho mai rawani ya matsa ya ba wata mata wuri ta zauna. Talabijin na ta bayanin sababbin taurarin ɗan'adam.

"'Yata, kin ji? Wai sun sa kwamfuta a sama, tana hango makami mai linzami tun yana tashi."

"Na ji, Baba. A wurin da ake haɗa ta nake aiki."

"Kai, Ubangiji ya yi miki albarka! Yaya abin yake?"

"A da sai an turo hoto ƙasa mutane su duba. Yanzu can sama take tantancewa, ta ce a kakkaɓo shi."

"Ba mai dubawa?"

"Akwai. Amma kafin ya ajiye kofin shayinsa, lokaci ya ƙure."

"In ta yi kuskure fa?"

"Na ƙetaren iyaka ma suna haɗa irinta. Tasu za ta ga namu ya tashi, ta rama."

"To, mu na bakin iyaka dai mun samu kariya. Bara wani makamin ya faɗo gidan maƙwabcina Harbhajan, har yau ba ya magana."

"Da manyan birane aka fara, Baba."

"Mu fa?"

"Ana kan shiri."

"Ke ina za ki da wannan ƙaton akwati ba komai ciki?"

"Ƙauyenmu, can bakin iyaka. Mahaifiyata zan ɗauko."

"Ziyara za ta kai miki?"

"A'a, Baba. Da kayanta duka."

Tsohon ya dubi buhun da ke gabansa.

"Ni kuwa irin alkama na sayo," in ji shi.