Ku Bar Ramlatu Ta Taka Da Ƙafarta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan zama, mai unguwarmu ta Birni, limamai da malamai, ma'aikatan lafiya da suka baro aikinsu suka zo, iyayenmu mata da ke can bayan rumfa, ƴan uwana maza, jama'ar Damagaram baki ɗaya, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Sunana Suma'ila, ɗinki ne sana'ata. Ina fara da godiya. Lokacin da ciwon daji ya kama mai ɗakina Ramlatu a nono, muka tafi Yamai aka yi mata aiki, aka yi mata ƙarin maganin nan da ake kira shimiyo, ba ku bar mu mu kaɗai ba. Kun zo dubiya, kun yi addu'a, kun ciyar da ƴaƴanmu. Allah ya saka. Da izininta na tsaya gabanku, domin na tambaye ta, na kuma sake tambayarta.

Magana ta farko. Ni ba likita ba ne. Abin da na sani, daga bakin likitanta na ji shi, sai ƴan takardun da ake rabawa a asibiti, waɗanda na karanta har suka yage. Sun ce jikin da ya sha wannan magani, in ya daɗe kwance, nama na zubewa, gajiya kuma na ƙaruwa. Sun ce tafiya kaɗan kaɗan, gwargwadon ƙarfi, tana rage gajiyar, tana gyara barci. Don Allah kada wani ya fita ya ce Suma'ila ya ce tafiya na warkar da daji. Ban faɗa ba. Magani yana nan a matsayinsa, kuma mai zazzaɓi, ko jiri, ko ciwon ƙashi, likita zai fara tambaya.

Magana ta biyu ita ce mai nauyi. Mu nan, in muna son mutum, kwantar da shi muke yi. Da muka dawo daga Yamai, gwaggon Ramlatu ta taso daga Durum, ta ƙwace tsintsiya, ta ƙwace buta, ko kofin ruwa sai an miƙa wa Ramlatu. Kowa ya shigo, "Sannu, kwanta, kada ki motsa." Har rannan Ramlatu ta ce mini, "Malam, ciwo bai kashe ni ba, sannu ce za ta kashe ni."

Ta daure ta fara fita da safe, tana bin gindin katanga. Ba ta kai bakin masallaci ba, maƙwabcinmu Ɗan Azumi mai kabu-kabu ya ci birkin motonsa, wato babur ɗin da yake haya da shi. "Hajiya, ina zuwa a ƙasa? Hau, kyauta ne!" Ta ce ba inda za ta. Ya ce, "To, hau in kai ki ba-inda-za-kin." Wata ta fito da kujera, wata ta biyo ta da mayafi tana kuka. Da yamma a majalisa aka ce mini, "Malam Suma'ila, moton naka ka sayar ne, ko mai ya gagare ka?" Na san wasa ne. Amma maganar ta isa kunnenta, kunya ta kama ta, ta daina fita.

Jama'a, yau Ramlatu a zaune take salla. Matar da ba ta taɓa kai goshinta ƙasa ba sai daga tsaye, yanzu gwiwa ba ta ɗaukarta. Ba ta roƙon komai a duniya sai ta sake tsayawa gaban Ubangijinta da ƙafafunta biyu. Ƙaunarku ce ta riƙe mu, ina roƙo kada ƙaunarku ta zaunar da ita.

Saboda haka, magana ta ƙarshe roƙo ne. In kun gan ta a hanya, ita ko wani mai irin lalurarta, kada ku tsayar da moto, kada ku ɗauko kujera sai in an nema. Ku gaisa, ku jera, ku rage sauri.

Tana nan cikin iyayenmu mata. A ƙasa ta zo, ta huta a hanya, ta iso. A ƙasa kuma take so ta koma. Ɗan Azumi, na ga motonka a bakin ƙofa. Ka bar shi nan, ka zo mu raka ta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu jinya haƙuri, ya jiƙan waɗanda ciwon nan ya ɗauke, ya zaunar da Damagaram lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.